Tsakanin Sheda da Mairuwa: Wa Ke Kai Manhaja Cikin Aji?

 

An ce in yi magana a kan aikin tsara manhaja, ko sana'a ce da ɗan garin Mairuwa zai ci abinci da ita. Sana'a ce, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin ta a ƙasar nan malamin aji ne daga Katsina. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina aka ɗauke shi aro zuwa Zariya a 1936, wurin Rupert East, don ya rubuta wa 'yan makaranta littafin karatu. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce. Mu yanzu adabi muke kiransa, amma aikin da aka ba shi na manhaja ne: me yaro zai karanta, da wace irin Hausa, me zai fara da shi kafin ya kai ga mai wuya.

Yau hukumar NERDC ce ke wannan aiki, wadda aka kafa a 1988, hedikwatarta na Sheda, kusa da Abuja. Daga can manhajar shekara tara ta ilimin bai-ɗaya ta fito a 2008, aka sake mata fasali daga baya, darussa wajen ashirin suka koma goma. Akwai kuma NTI a Kaduna, da NCCE mai tsara karatun NCE, da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da masu buga littattafai irin su NNPC a Zariya. Hanyar shiga ba ɓoyayyiya ba ce: NCE daga Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma ko FCE Katsina, digirin koyarwa, rajista da TRCN, sannan digiri na biyu a fannin manhaja. Amma kujerun can kaɗan ne, ba zan yaudare ku ba.

Inda nake so mu daɗe shi ne aikin tsakiya, na wanda ke ɗauko takardar Sheda ya sauke ta a aji. A da sufeto muke ce masa, yara na jin ƙarar babur ɗinsa ana ta shara. Yanzu a ƙarƙashin SUBEB da ofishin sakataren ilimi ana kiransa jami'in tallafa wa makarantu. Sunan ya fi daɗi, sai dai halin da yawanmu bai canja ba.

Ni ma na yi wannan kuskure. Na taɓa zuwa wata firamare a yankin nan, na duba rajista, na duba tsarin darasin malama, komai tsaf, na sa hannu da jan biro. Har na tayar da babur sai wani abu ya ce mini in koma. Na rubuta "Audu ya tafi gona" a allo, na kira 'yan aji huɗu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka karanta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Malamar ba raguwa ba ce. Jadawali ya ce mako na bakwai ake ciki, ita ma tana mako na bakwai, yara kuwa suna can baya inda aka bar su tun aji ɗaya. Ni da na zo duba ta, takarda na duba.

Jadawalin nan an gina shi a kan zato cewa zango zai cika. To, wane zango ne ya cika mana? A 2020 korona ta rufe makarantu wata da watanni. Ana dawowa, ran 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Gwamna Masari ya rufe makarantun kwana. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa kun fi ni sanin nawa suka watse, yaransu suka cika azuzuwan cikin gari. Ko a shekarar lafiya, in kaka ta yi, ana karyar masara ana tsinkar auduga, rabin aji na gona. Wani dole ya zauna da malami ya ce: makonni shida suka rage, wannan za mu riƙe, wancan mu jinkirta. Mutumin Sheda ba zai iya ba, don bai san ran kasuwar Sheme ba, balle ya san ran da aji ke zama fayau.

An gwada irin wannan a jihar nan. Shirin RANA na UNICEF, a Katsina da Zamfara, ya koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa, kuma ƙarfinsa ba a littafin kaɗai yake ba. Ana bin malami har aji, a zauna a baya a saurare shi, in an tashi a tattauna. Shiri irin wannan kuɗinsa na ƙarewa, masu shi su naɗe tabarmarsu. Wanda ya iya aikin shi ke saura, kuma shi ake nema in wani shirin ya zo.

Saboda haka ƙannena masu NCE da ke jiran aiki, kada ku raina alli. Wanda bai yi shekaru a gaban yara saba'in ba, ba abin da zai gaya wa malami. Iyayena hedimastoci, roƙona ɗaya: kowace Alhamis ku ware darasi guda, malami ya shiga ajin ɗan'uwansa ya zauna a bencin baya, ba jan biro, ba rahoto. A ƙarshen zango ku aiko mini da sunan wanda malamai suka fi so ya shigo musu.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo. A buɗe fagen tambayoyi.