DAGA KAKA ZUWA KAKA: JAWABI GA MAGIDANTA DA IYAYE MATA

Mun gode da kuka bar masussuka kuka zo ku saurare mu. Mu 'ya'yanku ne da ƙannenku, ba mu fi ku sanin noma ba, ba mu kuma fi ku sanin riƙon gida ba. Sai dai aikinmu yana kai mu ƙauyuka da dama, kuma akwai abu guda da muke gani kowace shekara wanda ya kamata mu zauna mu tattauna a kansa.

Maganarmu ta yau ta shafi kowa, amma ta fi shafar waɗanda ke tsakanin shekara 40 zuwa 60. Ku ne ginshiƙin gida. A sama akwai tsofaffi da ƙarfinsu ya ƙare, suna jiran tuwo da magani daga hannunku. A ƙasa akwai yara a firamare da sakandare, wani yana neman shiga babbar makaranta, wata ta isa aure. Idan aka yi rasuwa a dangi, ƙofarku ake fara bugawa. Idan za a gyara rufin majami'a, sunanku ne a farkon takarda. Duk wannan kaya daga rumbu ɗaya yake fitowa, rumbun kuwa sau ɗaya ake cika shi a shekara.

Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: yunwar watan Yuli da Agusta, a watan Disamba ake shuka ta. Bari mu bi shekarar tare, lokaci bayan lokaci.

1. Lokacin kaka

Daga Oktoba zuwa Disamba gida yana cike. Masara ta shigo, dawa tana hanya, ga wake, gyaɗa, waken suya, wasu kuma da acca da doya. Muna kai baikon godiyar kaka da farin ciki, kuma daidai ne mu yi haka. Amma a wannan lokacin ne hatsi ya fi araha, domin kowa yana kai wa kasuwa rana ɗaya. 'Yan kasuwa sun san haka. Suna saye su ajiye, idan damina ta yi nisa mu koma wurinsu mu sayi hatsin da muka noma da hannunmu, da tsada.

Kafin buhu ko ɗaya ya fita, a yi lissafi. Maigida ya san yawan buhunan da suka shigo, amma uwargida ce ta san kwana nawa buhu yake yi a gidan. Sai an haɗa sanin nan biyu lissafi yake fita. A ce misali buhu ɗaya yana kai ku wata guda. Kuna bukatar buhu 12 ke nan, a ƙara 2 saboda baƙi, gaisuwar mutuwa da masu taya aikin gona, a kuma ware iri. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne na sayarwa. Idan abin da aka girbe bai kai ba, gara a sani tun Nuwamba, lokacin da akwai sauran dabara, da a gano a Yuli. Mun san labarin Yusufu a Farawa sura 41, yadda ya ba Fir'auna shawara a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekarun ƙoshi. Bai jira yunwa ta zo ba kafin ya fara awo.

Ajiya ma tana da ƙa'ida. Hatsin da bai bushe sosai ba yakan yi fumfuna, kuma fumfunar masara da gyaɗa tana iya ɗauke da dafin da ke lalata hanta. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: a zuba hatsi kaɗan da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana bukatar ƙarin rana. Don wake da masara akwai buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga shekarar 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Idan an ɗaure kowanne dabam da kyau, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Muna roƙonku, kada a zuba maganin feshi a cikin waken da za a ci. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani a cikinsa. Abin da baƙi suka ƙi ci, bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba. Ƙwayar nan kuma da ake jefawa cikin buhu, hayaƙinta yana kashe mutum, kada a taɓa ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da ake kwana.

2. Kirsimeti da bukukuwa

Disamba watan murna ne. 'Ya'yanmu da ke Jos, Kaduna, Abuja da Legas suna dawowa gida. Ana dafa shinkafa, ana yanka akuya ko a haɗa kuɗi a yi watanda, yara suna zagaya gidaje da sababbin kaya, ana kiɗa da rawa a filin majami'a. Ba mu zo mu hana kowa wannan ba. Wanda ya sha rana da ruwan sama wata shida ya cancanci ya zauna ya ci nama da iyalinsa.

Damuwarmu ita ce gasa. A wata ɗaya za a yi aure uku ko huɗu, kowanne da ankonsa, kowanne da gudummawarsa. Uwa tana jin kunyar ta fita da zanen bara, uba yana jin kunyar a ce bikin 'yarsa bai kai na maƙwabci ba. Sai a ɗauki buhu a kai kasuwa, gobe a ƙara wani. Hausawa sun ce kowa ya daka ta rawar wani, zai rasa turmin daka tasa. Aure ba ya ƙara albarka don an ciyar da gari duka, kuma amarya da ango ba su amfana da bashin da iyayensu suka ci dominsu.

A nan ikilisiya tana da abin yi. Abin da mutum ɗaya zai ji kunyar yi, jama'a za su iya yanke shi tare. Zumuntar Mata za ta iya amincewa cewa zanen zumunta ya isa zuwa kowane biki. Dattawa za su iya tsayar da iyakar abin da ake nema daga gidan ango. Idan kowa ya bi, babu wanda za a nuna da yatsa.

Game da tafiye-tafiye, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama babban abu a lissafin gida. Zumunci a ƙafa yake, ba mu ce a daina ziyara ba. Amma a zaɓi tafiyar da ta zama dole, sauran a tura wakili ɗaya da saƙon kowa. Ƙarshen shekara kuma lokacin haɗari ne a hanya, domin direbobi suna gaggawar yin sawu da yawa. Kada a hau babur mutum huɗu har da jariri. Kada a shiga motar direban da ya sha. A tashi da wuri domin a isa kafin duhu, musamman inda hanya ba ta da tsaro.

3. Janairu zuwa Afrilu

Da an gama sabuwar shekara sai makaranta ta buɗe zango na biyu. Wanda yake da ɗa a ajin ƙarshe na sakandare, ga kuɗin rajistar WAEC ko NECO, ga na JAMB. Waɗannan ba baƙi ba ne, mun san suna zuwa tun ranar da yaron ya shiga aji ɗaya. Saboda haka a cire kuɗin makaranta kafin kuɗin Kirsimeti, ba bayansa ba. Sau da yawa idan kuɗi ya gaza, yarinya ce ake cewa ta zauna a gida tukuna, kuma wannan tukuna ɗin ba ya ƙarewa.

Rani ba lokacin zaman gindin bishiya ba ne kawai. Mai fadama ya yi lambun tumatir, albasa ko alayyafo. A kwashe takin dabbobi a kai gona tun kafin ruwa. A gyara jinka, a yi bulo, a share bakin rijiya. A hana yara cinna wa daji wuta don farautar ɓera, domin wutar tana cin ciyawar dabbobi da ƙarfin ƙasa, wani lokaci har da rumbu. Iyaye mata su shanya kuɓewa, kuka, zogale, rama da yakuwa a inuwa, su ajiye don ranar da miya za ta yi wuya.

Wannan kuma shi ne lokacin sanƙarau, daga hunturu har faɗuwar ruwa. Manya a cikinmu suna tuna annobar 1996 da ta kashe dubban mutane a arewacin ƙasar nan. Kada a cunkushe a ɗaki ɗaya babu taga. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti ake kai shi a ranar, ba a jira gobe. Idan masu rigakafi suka zo, a fito da yara.

4. Bazara da damina

Ruwa yana faɗuwa, bukatu su taso gaba ɗaya: taki, iri, maganin ciyawa, kuɗin huɗa, ga zango na uku na makaranta. Gidan da ya kwashe rumbunsa a Disamba, a nan yake shiga hannun mai ba da bashi, a karɓi kuɗi yanzu a biya da buhu a kaka. Ta haka amfanin baɗi ya riga ya zama na wani tun ba a shuka shi ba. Maigida kuma ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don abincin yini, tasa gonar ciyawa ta cinye.

Maganin wannan shi ne ajiya ta haɗin kai. Adashi mun san shi tun iyaye da kakanni. Ƙungiyar ajiya da lamuni ta ƙara masa tsari: mutum 15 zuwa 25 suna haɗuwa kowane mako, kowa ya zuba abin da zai iya, akwati da makullai uku a hannun mutum uku dabam, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. Shawararmu ita ce a sa ranar rabon kuɗi a Afrilu ko Mayu, lokacin sayen taki, maimakon Disamba. Haka kuma ikilisiya za ta iya ajiye wani kashi na hatsin godiyar kaka, a rubuta shi a littafi, a fitar a Yuli don gwauraye, marayu da gidajen da abinci ya yanke musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Damina kuma lokacin sauro ne. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, ba a mai da shi shingen lambu ba. A jihohin da ma'aikatan lafiya ke zagayawa wata-wata da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a tabbata yaro ya sha na kwana ukun duka.

5. Jikin mai ɗaukar kaya

Iyayenmu, ku yi mana haƙuri mu faɗi wannan. Kuna lura da lafiyar kowa ban da taku. Hawan jini yakan zauna a jikin mutum shekaru ba tare da wata alama ba, sai rana ɗaya a ji wane ya faɗi a gona, ɓarin jiki ya shanye, a fara zargin maƙiya. Awo ba ya ɗaukar minti biyar. Duk wanda ya kai shekara 40 ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, a ga ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗanon miya ma gishiri ne. A auna sukari shi ma. Mai shan burkutu ya duba abin da take ci masa, na aljihu da na jiki. Ranar da ginshiƙi ya faɗi, ba shi kaɗai yake faɗuwa ba.

Kada kuma aiki ya raba ku da juna. Akwai ma'auratan da suka yi shekara 25 tare, amma zancensu bai wuce kuɗin cefane da na makaranta ba. Ranar Lahadi da yamma ku fita tare ku gaida marar lafiya ko tsohuwar da ba ta iya zuwa sujada. Ku ci kasuwa tare wata rana. Ku kai jikoki su ga gonar kakansu, ku gaya musu sunayen itatuwa da harshenku. Irin wannan fita ba ta cin ko sisi, kuma ita yara za su tuna bayan sun manta kayan Kirsimeti.

Abin da muke roƙo

Kafin Lahadi mai zuwa, kowane maigida da uwargida su zauna, su kira babban ɗa ko 'ya da takarda da biro. A rubuta abu huɗu: abincin gida har sabuwar kaka, kuɗin makaranta na zango biyu masu zuwa, kuɗin taki da iri, da abin da za a ajiye saboda rashin lafiya. Abin da ya saura, a yi Kirsimeti da shi da zuciya ɗaya, babu fargaba. Wanda lissafi ya ba shi wuya, ya same mu bayan an tashi, ko ya nemi sakataren ikilisiya ya taimaka masa.

Ubangiji ya sa albarka a rumbunanku, ya ba ku lafiya da ƙarfin riƙon gidajenku, ya kai mu kaka mai zuwa babu wanda ya kwana da yunwa a cikinmu.