Makonni Shida a Arcot: Abin da Na Gano a Indiya



Tun da na dawo daga rakiyar yayana neman magani a Indiya, duk inda na zauna sai a tambaye ni ko na ga masu rawa da waƙa irin na fim. Na gode wa shugabanni da suka ba ni wannan dama in amsa wa kowa a zama ɗaya, domin gani ya kori ji.

Asibitin yana birnin Vellore ne, a jihar Tamil Nadu da ke kudancin ƙasar. Saboda sauƙin haya muka kama ɗaki a Arcot, wani tsohon gari a bakin kogin Palar, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a bas. A ranar farko na gwada 'yan kalmomin Hindi da muka tsinta a finafinai tun muna yara. Mai shayi ya yi murmushi ya girgiza kai, ashe harshen Tamil suke yi. Daga nan muka koma Turanci da nuni da hannu.

Garin na tashi tun asuba. Kiran salla da ƙararrawar ɗakin bautar Hindu kusan tare suke shigo mana ta taga. Kafin rana ta fito mata sun share ƙofar gida, sun yayyafa ruwa, sun yi zane da garin shinkafa, wanda suke kira kolam. Mai madara na zagawa a keke. Karin kumallonsu idli ne, ƙullun shinkafa da wake da ake turarawa, mai kama da wainarmu in ba a sa mata mai ba. Keke Napep da baburan Bajaj da muka saba gani a Zuru, can ne gidansu. Har mai ayaba a bakin titi ana biyan ta kuɗi ta waya.

Kada ku ɗauka aljannar duniya na je. Kwatoci cike suke da shara, shanu na kwance a tsakiyar titi, kogin Palar kuwa yashi ne tsagwaronsa. Na ga talaucin da ya sa na yi shiru. Amma abu ɗaya ya hana ni barci: da hantsi da wuya ka ga yaro yana yawo ko talla.

Kusa da masaukinmu akwai makarantar firamare ta gwamnati. Na gabatar da kaina a matsayin malami, shugabar makarantar ta bar ni na shiga. Ginin bai fi namu ba, wasu yaran ma a ƙasa suke zama. Da rana ta take, sai kowane yaro ya wanke hannu ya ɗauko farantinsa, suka zauna a jere. Aka zuba musu shinkafa da miyar wake da ganye, aka ɗora dafaffen ƙwai. Da suka gama aka koma aji. Na ƙirga kawuna kafin abinci da bayansa, ba wanda ya ragu.

Wannan tsari yana da tarihi. K. Kamaraj, wanda ya shugabanci gwamnatin jihar daga 1954 zuwa 1963, bai yi nisa a boko ba. Ana ba da labarin cewa ya tambayi wani yaro makiyayi dalilin rashin zuwansa makaranta, yaron ya ce in ya je wa zai ciyar da shi. Kamaraj ya fara ciyarwa a makarantu, gwamnati na ba da wani kaso, jama'ar gari na cikawa. A 1982 M. G. Ramachandran ya faɗaɗa shirin. A 1995 gwamnatin tarayya ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya, a 2001 kuma Kotun Ƙoli ta umarci jihohi su riƙa ba da dafaffen abinci. Gwamnatoci sun zo sun wuce, tukunyar ba ta sauka ba.

Mu ma an fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, a kan naira 70 kowane yaro. Ku shaida ne kan yadda azuzuwa suka cika a lokacin, da yadda suka rame da wuta ta mutu a murhu. Yau a ajina akwai yaran da rashin tsaro ya koro iyayensu daga ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba. In aka tashi tara, wasu kan tafi gida neman abin sawa a baki, sai kuma gobe, in Allah ya so. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ina da roƙo biyu. Na farko, kowane malami ya riƙa kiran suna sau biyu, da safe da bayan tara, har ƙarshen zango. Reshe ya tattara alƙaluman, domin ranar da za mu zauna da hukumar ilimi mu je da hujja a rubuce. Na biyu, mu zauna da ƙungiyar iyaye da malamai kafin kaka. In kowane gidan da ya samu damar noma ya ba da mudu ɗaya na dawa ko masara, makaranta ɗaya za ta iya gwada dama kunun safe ga 'yan aji ɗaya. Na riga na yi magana da shugabanmu, makarantarmu a shirye take ta fara.

Masu tambayar jikin yayana, ya samu sauƙi, yana gaishe ku. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka mana da kuɗi ko da addu'a.