Sana'ar Ɗaukar Hoton Gida: Riba da Amana a Ƙasar Batsari da Safana



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata sana'a da ta shigo hannun matasanmu, watau mutum ya ɗauki hoton bidiyo na garinsu ko na inda ya je yawo, ya sa a intanet, a biya shi. Zan ɗauki misali daga ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, domin a can amfanin sana'ar da haɗarinta suke zaune wuri guda.

Da farko, ina kuɗin yake fitowa? An kafa YouTube a 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006, a 2007 kuma aka fara raba kuɗin talla da masu sa hotuna. Mai kallo ba ya biyan kome. Masu talla ne ke biya, mai hoto ya sami kashi 55 cikin ɗari a dogon bidiyo. Amma tun 2018 akwai sharaɗi: sai mutum ya tara mabiya 1,000, an kuma kalli dogayen hotunansa na awa 4,000 cikin wata 12. Mu yi lissafi. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowane mai kallo ya tsaya minti 5, sai an kalla sau 48,000 kafin a fara zancen kwabo. Daɗin daɗawa, tallar da aka nuna wa mai kallo a Amurka ko Ingila ta fi wadda aka nuna a Nijeriya tsada. Wode Maya na Gana da Tayo Aina na Nijeriya, waɗanda suka yi suna a wannan fage, sun shekara suna aiki kafin su kai inda suka kai.

To, me ɗan Batsari ko Safana zai nuna? Yana da tarihin Ruma da na mayaƙinta Ɗanwaire, da sarautar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana. Yana da kasuwannin mako, da duwatsu, da noma da kiwo a gefen Dajin Rugu. Kaɗan ne daga cikin waɗannan aka rubuta, dattawan da suka san su kuwa suna ƙarewa.

Amma fa baƙo bai san wannan ƙasa da waɗannan ba. Da labarin 'yan bindiga ya san ta. Har a Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Batsari da Safana na ciki. A nan jarrabawar take. Tunda yawan masu kallo ke kawo kuɗi, tsoro kuma ya fi zaman lafiya jawo ido, mai hoto zai ji sha'awar nuna gidan da aka ƙone da matar da ke kuka. Ko hoton alheri ma yana da nasa haɗari: wanda ya nuna garken shanu, ko rumbu cike da hatsi, ko hanyar shiga ƙauye, bai san idon wa ya buɗe ba, domin masu ɓarna ma suna da waya.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Kada a ɗauki fuskar kowa sai da izininsa, bayan an gaya masa inda hoton zai je. Kada a nuna dukiyar mutum tare da sunan ƙauyensa. Kada kuma ɗalibi ya bar karatu, ko ma'aikaci ya bar aiki, kafin sana'ar ta iya ciyar da shi.

Jama'a, baƙo yakan ɗauki hoto ya tafi. Ɗan gida kuwa gobe zai haɗu da waɗanda ya ɗauka a masallaci da kasuwa. Yardarsu ita ce jarinsa, in ta zube ba ta kwasuwa.