Jawabin da na gabatar a zaman tattaunawa kan ciwon gwiwar tsofaffinmu

 

Ni ba lokotoro ba ne. Jinyar innata ce ta koya mini abin da zan faɗa. Shekara da shekaru tana cewa sanyin ƙashi ne, ana shafa mai, ana tsaga. Saboda zafi takan kwana da ƙafa a lanƙwashe, har gwiwar ta ƙage, ba ta miƙewa sarai, ba ta naɗewa sosai. Sanda muka kai ta gidan likita aka ɗauki hoto, guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi.

To, mene ne aikin canjin gwiwa? Ana shafte bakin ƙasusuwan da suka lalace, a sa ƙarfe sama da ƙasa, a sa roba mai tauri tsakaninsu. In gwiwa ta ƙage, aikin ya fi wuya: sai an cire ƙashin da ya tsiro ta baya, a sassauta naman da ya ɗaure, wani lokaci a ƙara rage ƙashin cinya kafin ƙafa ta miƙe.

Aikin yana da amfani, wallahi. Zafi na raguwa sosai, mutum ya tsaya da ƙafarsa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25. Amma kusan mutum 1 cikin 5 ba ya samun gamsuwar da ya sa rai. Kuma yadda gwiwa take naɗewa kafin aiki shi ya fi nuna yadda za ta naɗe bayansa. Wanda ya je da wuri ya fi wanda ya jira ta sandare.

Ga inda abin ya shafe mu. Tafiya na bukatar gwiwa ta naɗe wajen digiri 65, tashi daga kujera wajen 95. Yawancin waɗanda aka yi wa aiki suna kai 110 zuwa 120. Amma zaman tahiya da tsugunno suna neman kusan 150. Mu kuwa a tabarma muke zama, a tsugune muke shiga bayi. Ba wanda ya gaya wa Inna haka. Ranar da ta gane a kujera za ta riƙa salla, sai da ta yi hawaye. Malam ya kwantar mata da hankali cewa addini ya yi sauƙi ga mai lalura, amma ya kamata ta sani tun kafin mu sayar da shanu.

Abu na biyu, aiki rabin magani ne. Sauran rabin motsa ƙafa ne wajen kine, tun kwanakin farko. Makonni 6 zuwa 12 na farko su ne zinariya. In aka yi sake, gwiwa ta koma ta ƙage. Mu da tausayi muka riƙa sa mata matashi ƙarƙashin gwiwa, ashe cuta muke mata. Ƙarƙashin diddige ake sawa, don ƙafa ta miƙe.

Roƙona uku ne. Ku kai tsofaffi a duba su tun ƙafa na miƙewa. Ku tambayi lokotoro ƙarara: za ta iya tsugunawa? Wa zai motsa mata ƙafa in mun koma gida? Hukuma kuma ta kai masu aikin kine gidajen likitar jihohi da gundumomi, don tsohuwar ƙauye ba za ta iya zaman wata uku a Yamai ba.

Inna yau tana zuwa kasuwa da sandarta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.