YADDA GIYA KE CINYE HANKALIN MASHAYI

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa likita ya gabatar ga matasa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, hankali na cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta kare, shi ya sa Allah (T) ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Da yawa na zaton illarta ba ta wuce mayen dare ɗaya ba. Ina! Wanda ya shekara da shekaru yana ɗirkar ta, ko ta kwalba ko burkutu ko ogogoro, ƙwaƙwalwarsa yake ci da kaɗan-kaɗan.

Ƙwaƙwalwa na buƙatar wani sinadari, bitamin B1, wanda ake samu a wake, gyaɗa, nama da hatsi. Abin da jiki ke ajiyewa bai wuce na mako biyu zuwa uku ba. To shi mashayi ba ya cin abincin kirki, ɗan abin da ya ci ɗin ma giya na hana hanji tsotse sinadarin. Da ya ƙare, sai wasu sassan ƙwaƙwalwa su fara lalacewa.

A 1881 wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya bayyana matakin farko: ruɗewa, rawar ƙwayar ido, da tangaɗi ko ba a sha ba. A 1887 kuma wani likitan Rasha, Sergei Korsakoff, ya bayyana na biyu, wanda ya fi muni. Mutum zai iya tuna ƙuruciyarsa, amma ya kasa riƙe abin da ya faru ɗazu. Ya ci tuwo, ya ce ba a ba shi ba. A tambaye shi inda ya je jiya, ya shirya labari tsaf alhali yana kwance a ɗaki. Ba ƙarya yake nufi ba, ƙwaƙwalwar ce ke cike gurbin da ta rasa. Wani kuma ya riƙa jin muryoyi na zagin sa, ko ya ɗora wa matarsa zargin da ba shi da tushe. Ya rasa tsara al'amuransa, sana'a ta watse, iyali su tagayyara. Wanda bai san raka'a nawa ya yi ba, ina Sallarsa?

Amma akwai mafita. In aka ga alamun farko, a garzaya asibiti a ranar. Allurar bitamin B1 kan tsayar da ɓarnar in an yi da wuri. In aka makara, wasu kan samu sauƙi bayan watanni da barin sha, wasu kuwa har abada. Sannan wanda jikinsa ya saba, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai, domin cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kamuwa da karkarwa, gane-gane da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. A kai shi wajen likita, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato.

'Yan'uwa, kowa ya san wani a unguwarsu. Kada a bar yara su bi shi da jifa, kada a ɗaure shi a mari. Majinyaci ne, kuma ƙofar tuba ba ta rufe ba. Wanda kuma abokai ke ja da sunan ɗanɗanawa, ya sani duk wanda ya kai can daga kurɓin farko ya faro. Allah ya kiyashe mu. Wassalamu alaikum.