Hannu kafin sanda: jawabi kan lallashin bisashe

 

Maganarmu ta yau kan bisashen da ke kwana cikin gida tare da mu ce: jaki, doki, shanun huɗa, saniyar tatsa, ragon layya, har da kare mai gadin garke. Kowa a nan ya san irin san da sai mutum 3 sun taru kafin a aza masa karkiya. Kowa ya san jakin da in ya hangi akumari sai ya juya baya ya shirya harbi. Sai mu ce mugun hali gare shi, mu ƙara masa sanda, ko mu kai shi kasuwa mu sayar da hasara ana gab da damina. To, jama'a, yawancin wannan hali tsoro ne. Bisa ba ta manta hannun da ya ba ta wuya.

Ku dubi dawaki biyu da suka shaƙu. Za ku ga sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowane yana sosa wa ɗan uwansa gindin wuya da haƙora, daidai inda geza ta ƙare. A shekarar 1993 wasu masu bincike a ƙasar Faransa sun auna wannan abu ga dawakin yankin Kamarg. Sun tarar in mutum ya sosa wa doki wannan wuri, bugun zuciyarsa yana raguwa. In aka sosa wani wuri daban, ba ya raguwa haka. Shanu kuma wuya da kai suke lasar wa juna. Ashe bisashe da kansu sun nuna mana inda za mu sa hannu.

Ga yadda ake yi. A tunkari bisa ta gefe, wajen kafaɗa, ana yi mata magana a hankali. Kada a ɓullo mata ta baya, don can ba ta gani, ƙafa ce ke amsawa. Kada kuma a fara da fuska. A aza tafin hannu duka, a shafa sannu-sannu ana bin kwancin gashi. Ban da bubbugawa, ban da cakulkuli da kan yatsa, wannan kamar ƙuda take jin sa. In ta sunkuyar da kai, ta ja dogon numfashi, ko saniya ta miƙe wuya ta koma tuƙa, aiki ya yi. In ta kwantar da kunnuwa baya, tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, jiki ya sandare, a janye hannu a koma inda ta yarda. Minti 5 da safe, minti 5 da marece, lokacin ba da dusa, ya isa. Amma ya zama mutum guda ne kullum.

Mai sabon sa ya fara tun da rani. Bayan ƴan kwanaki na shafa, a kawo karkiya ya shinshina, a aza a wuya, a sauke, a ba shi harawa. Wanda ya jira sai ruwan shuka ya sauka, gaggawa za ta sa shi ɗaukar sanda.

Iyaye mata, ku kun riga mu sanin wannan. Kuna sakin maraƙi ya fara tsotso, kuna shafa hantsa kafin ku aje ƙwarya. Dalilinsa, taɓawar nan ce ke sa jikin saniya ya saki wani sinadari da ake ce wa oksitosin, shi ke turo nono. Yana zuwa cikin kamar minti guda, ƙarfinsa kuma ƴan mintoci ne. Tsoro yana tare shi. Yaro ya yi ihu, ko kare ya kutso, sai ku ce ta ɓoye nono. Ba rowa ta yi ba, firgita ta yi, kuma duka ba ya fito da shi.

Hannu yana gano abin da ido bai gani ba: kaska a bayan kunne, kumburi, zafi a ƙafa, miki a ƙarƙashin akumari. Jaki mai harbi, a fara duba bayansa. Shafa ba ta warkar da miki, sai hutu da likitan dabbobi.

Mu ja kunnen yara game da ragon layya. Wasan tura masa goshi da hannu, tunkuyi ne ake koya masa, ranar da ya yi ƙarfi tsohuwar gida zai kayar. A sosa masa ƙarƙashin haɓa da ƙirji. Bajimi kuwa, kome sabo, ba a ba shi baya.

Sai kare. Namu na gida a shafa masa ƙirji da gefen wuya, a ƙyale shi in yana cin abinci. Karen da ba mu sani ba, ko namu da ya sāke hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau, kada kowa ya taɓa shi, yana iya zama hauka ce. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi gidan likita ran nan, kada a kwana.