Jawabi Ga 'Yan'uwanmu Masu Niyyar Sayen Mota



Tun da aka gano zinariya a Cibarakaten a 2014, yaranmu da Allah ya ba rabo sukan dawo da niyyar sayen ƙaramar mota. Madalla. Amma ku ji: ƙaramar mota irin Toyota Starlet kwalta ta sani. Can takan sha kamar lita 6 zuwa 7 a kilomita 100. In kuka jefa ta rairayin hanyar Arlit zuwa bakin iyakar Aljeriya, za ta kafe, kuma mai a dajin nan tsada gare shi.

Ku riƙa duban hayaƙinta. Baƙi, mai ne ba ya ƙonewa duka; ƙura ta toshe matatar iska, ko buji ya gaji. Shuɗi kuwa, injin ne ke cin baƙin mai, kada ku saya ko mai ita ya rantse.

Muna roƙonku, kada a bar mota a kunne cikin rufaffen ɗaki. Akwai guba a hayaƙin nan da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Wassalam.